Wanda Muka Je Gani a Turai

Bari in fara da wanke kaina a wurinku, musamman ku da kuka cika min akwatin saƙo da cewa na gudu Turai don kada in ba Mai Tabarau amsa. Ni ban gudu ba, kai ni aka yi. Ranar da aka ba mu hutun makaranta ina zaune a ƙasan ɗakina ina makin takardun jarrabawar 'yan ajina, Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Auta, fasfonki yana da rai?"

Na ce yana da.

"To ki nemo shi. Za ki raka ni yawon buɗe ido."

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, ina koyar da labarin ƙasa a sakandaren 'yan mata, kuma ni kaɗai na rage tare da Mama tun rasuwar Abba ina jami'a. Mama nas ce da ta yi ritaya. Mace ce da in ka ce mata a fita a sha iska sai ta tambaye ka laifin me iskar gidan ta yi. Ita ce yau take maganar buɗe ido.

Mai Tabarau kuwa shi ne wanda ya auna wa Mama ido bara, ya yanka mata gilashi, sannan ya yi ta kirana yana tambaya ko gilashin yana matsa mata hanci. Daga baya ya manta da hancin, ya ci gaba da kira. Yana da shagonsa, yana da haƙuri, kuma duk abin da zai miƙa maka sai ya goge shi da ɗan ƙyalle tukuna, har biro. Ya ce yana son aurena. Na ce ya ba ni lokaci, don ba zan iya barin Mama ita kaɗai a gidan nan ba. Haka na gaya wa Yaya, babban wanmu. Haka na gaya wa Gwaggo, ƙanwar Abba, wadda tun da ta aurar da nata 'ya'yan ta mayar da zancen aurena aikin yi.

Gwaggon ce ma ta fara sa ni zargi. Ana jibi tafiya ta turo saƙon murya a guruf ɗin gida, doguwar addu'a, a ƙarshenta ta ce, "Kuma ai ɗan ƙawata yana can yana karatun injiniya, yaro mai natsuwa. In Allah ya haɗa ku sai ku gaisa." Na saurara na sake saurara. Na ce a raina, to ga shi nan. Sun gaji da jiran amsata, sun samo wani, kuma za a kai ni inda ban san kowa ba, inda ba ni da wata ƙawa da zan ce ana nemana a gidanta.

Da na leƙa ɗakin Mama na ga abin da ke kan gado, sai zargina ya zauna daram. Sabuwar kwat mai launin zuma, har yanzu da takardar shago a wuya. Dogayen riguna da ban taɓa gani ba, ɗaya ruwan toka da ɗinkin zare a bakin hannu. Mayafi mai laushi kalar madara. Takalmi mai ɗan tudu, ita da ta yi shekaru tana wa'azi a kan illar tudu ga ƙashin baya. Da turare a kwalinsa. Na ce lallai, uwar amarya ta shirya.

Ni ma sai na shirya. Na ɗauko tsohuwar rigar sanyin Yaya, ruwan ƙasa, wadda mutum biyu za su shiga su bar wuri. Na ɗauko takalmin da nake sawa ranar tsaftar makaranta. Na bar jakar kwalliyata a kan madubi. In ɗan ƙawar Gwaggo yana so, ya so a haka.

Garin sanyi gare shi, kuma mutanensa kullum kamar an kira su ne da gaggawa. Ɗakin otal ɗinmu siriri, gadaje biyu da ɗan tebur tsakaninsu, da butar lantarki mai ɗaukar ruwan kofi ɗaya da rabi. Tagarmu tana kallon bangon wani gini, da bututu, da tantabara ɗaya da kullum take nan kamar an ɗauke ta aiki. Mama ta buɗe labule ta duba ta ce, "Madalla. Mun fara gani."

Mun kuwa gani. Mun je tsohon ginin da aka ce an yi ɗaruruwan shekaru ana gina shi, Mama ta ɗaga kai ta ce wa zai share yanar can sama. Mun hau hasumiya, na isa ina haki, ita ta riga ni ta zauna tana auna bugun zuciyarta da yatsa biyu, sannan ta kama nawa hannun ta auna, ta girgiza kai. A gidan tarihi mun tsaya gaban zanen wata mata fara fat a kwance kan doguwar kujera, jama'a sun yi shiru suna kallo, Mama ta matso kunnena ta ce, "Wannan jininta ya yi ƙasa. Dubi leɓenta." Gaban wani mutum-mutumi marar hannaye kuma ta daɗe tana dubawa, ta ce duk wanda ya yi yankan bai iya ba.

Abin da ya dame ni shi ne hanya. Ni ce malamar labarin ƙasa, ni ce mai taswira a waya, amma in na ce mu bi dama sai Mama ta ce, "A'a, mu tsallaka, jirgin titin nan mai jan goshi shi zai kai mu. Mu shiga ta ƙofar baya, ta fi sauƙin hawa." Kuma ya kai mu ɗin. Na ce, "Mama, ina kika san wannan?" Ta ce, "Ana tambaya." Ban ga ta tambayi kowa ba.

Sai waya. Mama da wayarta kan yini a ƙarƙashin filo, yanzu tana aljihun kwat, tana ƙara sai ta ciro ta duba, ta ɗan karkatar da ita kada in gani. Da safe ta shiga bayi da ita, ta kunna famfo, ina jin muryarta ƙasa-ƙasa a bayan ƙarar ruwa. Na ce ana ba Gwaggo rahoto.

Tawa wayar ma ba ta yi shiru ba. Mai Tabarau ya rubuto: "Barka da sauka. Idan za ku hau ruwa ki sa baƙin gilashin, hasken ruwa ya fi na sama cutarwa." Na tura masa hoton tantabarar. Ya rubuto: "Idonta na hagu kamar yana ruwa." Can kuma: "Akwai maganar da nake so mu yi, amma ki more hutunki tukuna." Na karanta na kife wayar. Ku da kuke cewa ba na son sa, ku sani na buɗe hoton na ƙara girmansa, kuma idon yana ruwan.

Ranar da za mu shiga jirgin ruwan da ke zagaya da baƙi cikin kogin garin, na tashi na tarar Mama ta riga ta shirya. Rigar nan ruwan toka, mayafi kalar madara, kwat, takalmi mai tudu. Ɗakin duk ya ɗauki turare. Ta dube ni daga sama har ƙasa cikin rigar sanyin Yaya.

"Haka za ki fita?"

"Sanyi ake yi."

"Ba ki da wata?"

"Wannan ta fi ɗumi."

Ta buɗe baki, ta rufe, ta ce, "Allah ya shirya. Mu je."

A bakin kogi jama'a sun yi layi. Ni ba kogin nake kallo ba, samari nake tantancewa. Na hango wani dogo baƙi da jakar goyo da furanni a hannu, ya nufo mu kai tsaye. Na haɗe rai, na tura hannuwana cikin aljihu, na tanadi gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu ba. Ya zo ya wuce mu ya rungumi wata tsohuwa a bayanmu.

Sai na ji Mama ta ce, "Dogo."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Na juya. Wani dattijo ne tsaye, farin gemu a gyare, hular sanyi, lema a rataye a hannu, da tikiti uku a ɗaya hannun. Tsayinsa bai wuce kafaɗata ba. Yana kallon Mama, ya ma manta akwai layi, har sai da na bayansa ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Shugaba. Kin iso."

"Ai ka gani."

Na leƙa gefensa ko zan ga ɗansa. Babu kowa sai kwandon shara.

Mama ta ce, "Auta, gaida shi. Ajinmu ɗaya tun firamare."

Na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi gajiya, ya tambayi ɗalibaina, har ya san ajin da ya fi ba ni wahala. Ya dubi rigar sanyin Yaya ya ce, "Kin yi dabara. Baƙi da yawa sai sun sha sanyi suke gane irin wannan." Mama ta kau da kai.

Muka zauna a saman jirgin, su biyu a benci ɗaya da tazarar jakar Mama a tsakaninsu, ni a na gabansu ina fuskantar su kamar mai sa ido a jarrabawa. Nan na ji sauran. Ana ce masa Dogo ne don a firamare ya fi kowa tsayi, daga nan kuma bai ƙara ba. Ita Shugaba ce don ita ke rubuta sunan masu surutu, kuma nasa ne kullum na farko. Ya zo garin nan tun yana saurayi, ya yi aikin tuƙa jirgin titi har ya yi ritaya. Mai jan goshin nan nasa ne. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata sun yi aure a garuruwa daban. A guruf ɗin tsofaffin ɗalibai suka sake haɗuwa da Mama, ranar da wani ya sa hoton ajinsu, ta rubuta a ƙasa cewa na ƙarshen layin nan har yau bai dawo mata da rularta ba.

Yana nuna mana gine-gine, gadar da aka rushe aka sake ginawa, asibitin da aka haifi 'ya'yansa, gidan da yake zaune can bayan wata hasumiya, hawa na biyu, mai tukwanen fure a taga. Ya ce wani abu a kan malaminsu na lissafi, Mama ta yi dariya. Dariya sosai, kai a baya, ba ta ko rufe baki da mayafi ba. Rabona da jin wannan dariyar tun Abba yana iya zama a falo. Na juya na kalli ruwa, kuma da na bi shawarar Mai Tabarau na sa baƙin gilashin, da ya ɓoye min idona.

Dattijon ya miƙe ya ce bari ya sauka ƙasa ya samo mana shayi. Ya daɗe yana gyara lemarsa kafin ya tafi, yadda mutum ke yi in an riga an gaya masa lokacin da zai ba da wuri.

Na ce, "Mama, ina ɗan ƙawar Gwaggo?"

"Wane ɗan ƙawar Gwaggo?"

"Injiniyan."

"Ina na sani? Gwaggonki ko kasuwa za ki tana da ɗan ƙawa a can."

Jirgin ya shiga ƙarƙashin gada ya fito.

Ta ce, "Ya nemi aurena. Na ce masa sai autata ta gan shi. In kin ce a'a, mu ƙarasa kallon gine-ginenmu mu koma gida."

"Da gaske?"

"Da gaske. Zan yi fushi, amma za mu koma."

"In na ce e fa?"

"Nan zan zauna. Shi ba zai iya barin likitocinsa da jikokinsa ba, ni kuma na ga garin, ba laifi. Zan riƙa zuwa."

Na ce, "Abba fa?"

Ta cire gilashinta ta riƙe a cinya. "Abbanki na yi jinyarsa da hannun nan, kuma ba ranar da ba na yi masa addu'a. Ba zan daina ba, Dogo ma ya sani, shi ma yana da wadda yake yi wa. Amma Auta, ni ina nan. Ina tashi da safe, ina jin yunwa, ina son wanda zan gaya wa abin da na gani a hanya."

"Ai ina nan."

"Kina nan. Kina dawowa da takardu, ki ci abinci a tsaye, ki tambaye ni ko na sha magani." Ta mayar da gilashin. "Kuma ina jin ki a waya kina ce wa bawan Allahn nan ba za ki iya barina ba. Gwaggonki ta kira ni ta ce na danne ki. Ni ban taɓa cewa ki zauna ba. In ba kya son sa, ki ce masa ba kya son sa, ba wanda zai ɗaga miki murya ina raye. In kuma tsoro kike ji, ki ce tsoro. Amma ki daina jingina abin da ni, bayana ya gaji."

Ku da kuke ta rubuto min wannan maganar tun tuni, kada wanda ya ce min komai.

Dattijon ya dawo da kofuna uku a ɗan faranti, yana tafiya a hankali saboda jirgin na lilo. Ya ba Mama nata, ya ba ni nawa, ya zauna, ya cire hular sanyinsa ya ɗora a gwiwa. Kansa ba gashi ko ɗaya, kuma iska na kaɗawa, amma bai mayar ba.

Ya ce, "'Yata, na san an gaya miki. Ni ba ni da dogon bayani. Ina da ɗakuna biyu da fansho da ciwon gwiwa. Ba na shan komai sai shayi. Ki tambaye ni abin da kike so."

Na gyara zama. In dai jarrabawa ce, aikina ne.

"Ka san ba ta son a yi mata magana da sassafe?"

"A firamare ba ta son a yi mata magana gaba ɗaya. An samu ci gaba."

"Ka san tana gyara wa likita magana a gabansa?"

"Likitana yana buƙata."

"Tana da maganin hawan jini na rana. Nas ce, amma kullum sai ta manta. In ba a tuna mata ba..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya ciro wayarsa ya lalubo, ya miƙo min. Hirarsu ce shi da Mama. Na ja sama, na ƙara ja. Kowace rana, daidai tsakar ranarmu ta can gida, saƙo ɗaya ne: "Shugaba, magani." A ƙasa amsarta: "Na sani." Wata rana, "Na sani, Dogo." Wata rana kuma, "Ka fiye surutu." Har yatsana ya gaji ban kai farkonsa ba. Ni kuwa duk watannin nan ina dawowa da yamma in tarar ta sha, in ce a raina tsoron faɗana ne.

Na mayar masa da wayar. Na ce, "In Mama ta yarda, ni wace ce?"

Ya ce, "Ke ce wadda aka ce in tambaya."

Mama tana kallon wani gini a gaɓar kogi kamar za ta saya. Amma hannunta na kan jaka, ta damƙe madaurin har jijiyoyin sun fito.

Na ce, "To na yarda, Baba. Allah ya sa alheri."

Ya ce amin, ya ƙara cewa amin, ya mayar da hularsa a karkace. Mama ta ce, "Shayin nan ba sukari," ta ciro hankici ta shiga goge ido, wai iska.

Na ɗauka an gama da ni ke nan. Muna dab da komawa bakin gaɓa Mama ta ciro wayarta ta danna, ta miƙo min. Na duba, sunan Yaya ne, kuma tana shiga.

"Yayanki bai sani ba. Ke kin iya bayani, sana'arki ce."

"Mama, ni zan gaya wa Yaya za ki yi aure?"

"Ki fara da gaisuwa."

Kafin in mayar mata ya ɗauka. Da ya ji muryata ya ce, "Yauwa Auta, kamar kin san ke nake nema, wayarki ba ta shiga. Kina jina? Mai Tabarau ne a falona yanzu haka, shi da wansa. Ya ce ba matsi ya zo yi ba. Wani asibitin ido ne a wani gari mai nisa ya ba shi aiki, suna son amsarsa kafin ku dawo. Ya ce bai so ya ɓata miki hutu, shi ya sa ya zo wurina ya ji ko ya karɓa ya tafi, ko akwai abin da zai zaunar da shi. Ni kuma na ce ba ni zan amsa wannan ba."

Na ce, "Yaya, tsaya, ni ma akwai maganar da..."

"Taki ta jira. Na sa ki a sifika, ga shi nan yana jin ki."

Ta cikin wayar na ji an yi ɗan gyaran murya, sannan muryar da na sani ta ce, "Barka da hutu. Kada ki ji nauyi, duk abin da kika ce daidai ne."

Dattijon ya tashi ya koma can ƙarshen jirgin, ya dage da kallon ruwa. Mama ba ta tashi ba. Ta miƙo hannu ta karɓi kofin shayin da ke hannuna, wai kada ya zube mata a sabuwar kwat, ta gyara zama tana kallona.